Kayen Direbanmu a Hanyar Bune

Ana sallame sallar asuba ranar Talata muka bar Gure, mu uku a kat-kat, motar shiga rairayi: ni, da direba, da wani Bature mai gyaran famfon hasken rana da za mu kai ƙauyukan Bune. Mutumin Lituwaniya ne, ƙasar da sai da na duba taswirar lakwal, wato makaranta, kafin na gano inda take. Ba ya jin Faransanci, Ingilishinsa kuma bai taka kara ya karya ba, shi ya sa aka nemo ni. Shekara goma sha tara ina koyar da Ingilishi a kolej, a Gure in aka ce Mushen Angile, wato malamin Ingilishi, ni ake nufi. An kuma shaida mini ƙungiyarsu za ta dawo bayan damina, wanda baƙon ya yaba da shi shi za a ɗauka tafinta. Na sa riga mai guga, na rungumi ƙamus mai nauyin bulo, na haye kujerar gaba.

Mun ɗan bi gudron, hanyar kwalta, ta wajen Damagaram, sannan muka yanke kudu cikin rairayi. Direba ya tsaya rage iskar tayoyi, dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawar komai. Nan Baturen ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu. Kalmomin Ingilishi ne na yau da kullum, kowace da ma'anarta cikin harshensu, an kasa su wuri-wuri: na kasuwa, na asibiti, na shiga gidan mutane. Na jujjuya shi, raina ya sosu. Su an yi musu bayani da harshen da suka sha a nono, ɗalibaina kuwa sai sun ratsa ta Faransanci kafin su iso Ingilishi, rabinsu a hanya suke zubewa. Ni ma ina da kaye a gida, wato littafin rubutu, da na sa niyyar yin irin wannan da Hausa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ina kan harafin A.

Ya nuna mini wani layi da yatsa, “take your time”, ya ce bayanin littafin bai shige shi ba. Na gyara murya. Na faro daga aikatau, na biyo ta wakilin suna, na kawo misali uku. Yana ta gyaɗa kai irin na wanda aka yi wa wa'azi da Larabci, yana satar kallon agogo. Direba, da ya riga ya ɗora shayi a gindin wata aduwa, ya miƙa hannu ya rufe masa agogon, ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa a hankali har kumfa ta tashi, ya ce, “Take your time.” Baturen ya tuntsire da dariya, ya zaro bik ya rubuta wani abu a gefen shafi. Da muka tashi ya roƙi mu yi musanyar kujera. Na koma baya, ni da jarkokin mai.

Hanyar Bune kyakkyawa ce ga wanda ransa ke sake. Ka hau tudun rairayi fari fat, ka gangaro sai ga kwari kore shar, da dabino da goruba da rake da rogo, kanwa ta yi fari a bakin ruwa. A wata ƴar kasuwa muka sayi tiyar dabino jika ɗaya da rabi, matan Mangawa suna yi wa jan wuyan Baturen dariya. Ni dai ban ji zaƙin dabinon ba. Kunnena na gaba, inda ake ta hira da Ingilishin da in ɗalibina ya rubuta shi sai na ja masa jan layi tun daga sama har ƙasa.

A ƙauyen farko maigari ya sa aka kawo burabusko da miyar busasshiyar kuɓewa, da ƙwaryar fura. Ya ajiye, ya ce bismilla, ya fice. Baturen ya tsorata, ya zaci wani laifi ya yi. Kafin in gama tsara jimlar da za ta bayyana cewa mu ba ma tsare baƙo da ido yana cin abinci, direba ya tura masa akushi, ya kau da kai gefe, ya ce, “Help yourself.” Bik ya sake fitowa.

Kwana biyu muka yi ana kwance famfo ana ɗaurawa. Rana ta biyu da hantsi, a inuwar goruba, direba ya fito da nasa kayen daga ƙarƙashin kujera, baƙi ƙirin da man inji. Da ajami ya rubuta shi, tun zamanin da yake jigila zuwa Nguru da Gashuwa. Bai bi harafi ba. Ya rubuta abin da za ka ce da Ingilishi in soja ya tsare ka, da abin da za ka ce in ka taka ƙafar mutum, da yadda ake ƙin tayi ba a ɓata ba. Suka jera shi da littafin Baturen a kan tabarma, ashe tsarinsu ɗaya. Kyashi ya kama ni har wuya, ba zan ɓoye ba.

Na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Da direba ya tafi alwala, na ce wa Baturen ya yi hattara, wannan Ingilishin tasha ne, cike yake da kurakurai. Ya dube ni da shuɗayen idanunsa, ya ce ya sani, amma shi yake ganewa. Nawa, in ji shi, ya yi masa girma.

Ranar Alhamis da la'asar muka shigo Gure. Wajen sallama Baturen ya riƙe hannuna ya yi godiya sosai. Littafin nan da na kwana biyu ina haɗiyar yawu a kansa kuwa, sai ya miƙa wa direba, mutumin da ko harafi ɗaya na harshensu ba zai karanta ba. Ban tsaya tambayar wanda za a ɗauka tafinta ba.

Sai da na kwana uku ina cika ina batsewa, har uwargida ta daina tambayata lafiya. Na buɗe kayena, shafi tara, na rufe. Ranar Lahadi na taka har gidan direba, na same shi yana zuba wa akuya ɓawon wake. Na ce aron kayensa na zo yi.

Ya ce, “Wallahi Mushe, na daɗe ina son in kawo maka shi ka juye da boko, kunyar kurakurai ta hana ni. Ɗiyata tana ajinka shekara biyu ke nan. Ran nan na ce ta gaida baƙon, ta kasa.”

Na san yarinyar. Tana zama layi na biyu, ba ta taɓa fashi ba, duk dokar nahawu da na rubuta a tablo tana cikin kayenta da kyakkyawan rubutu.

Abin da tafiyar Bune ta koya mini ke nan: na shekara goma sha tara ina koya wa yara labarin Ingilishi, wani yana can yana koyon inda ake faɗinsa. Yanzu kullum bayan la'asar ina gidansa, yana karanto ajami ina juyewa, ina gyara abin da ya karkace. Mun kai shafi arba'in, mun wuce kasuwa mun shiga asibiti. Jiya na rubuta bangon littafin. Sunansa ne a sama, nawa a ƙasa, da hannuna na rubuta.