Katangar da ta cinye tagar Baba Tela

Baba Tela bai taɓa yarda da ƙwan lantarki ba. Ya ce maƙaryaci ne, yakan nuna maka shuɗi mai duhu ka rantse baƙi ne. Tun yana koyon ɗinki a wajen kawunsa, ba ya sa zare a keke sai ya ɗora shi kan yadi, ya kai bakin taga, ya duba su a hasken safe. Don wata taga mai kallon gabas ya sayi shagonsa, duk da ƙanƙantarsa. A bakinta ya ciyar da 'ya'yansa har suka girma, a bakinta ya yi furfura.

Filin bayan tagar ne wata ƙasa ta saya don gina ofishin jakadancinta. Da farko har murna ya yi, wai masu kwat sun zo unguwa. Sai katanga ta taso dab da shagon, ta wuce tagar, ta wuce rufin, aka ɗora mata waya mai ƙaya.

Ya je ya sami mai zanen ginin a bakin aiki, da hular kwano a ka.

"Ɗana, ofis kuke ginawa ko gidan yari?"

"Ƙa'ida ce, Baba. Irin wannan gini dole ya ja baya daga titi, katanga kuma ta yi tsawon da tagar maƙwabci ba za ta hango ciki ba. Gilashin ma harsashi ba ya huda shi."

"To ni da allura zan harbi jakadan? Ka bar masa fili da furanni ya sha iska, ka turo katanga kan hancina. A zanen nan naka ina nake?"

Mai zane ya nuna wani ɗan murabba'i a gefen takarda. "Ka sa ƙwai mana, Baba."

Haka ya sa ƙwan, ba don yana so ba. Ba a jima ba wani malamin makaranta, tsohon mai kawo masa ɗinki, ya dawo da riga shuɗiya da aka bi da baƙin zare. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, idon ne ya fara?" Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

Baba Tela ya fito da keken waje, masu gadi suka ce ba a ajiye komai kusa da katanga. 'Yarsa ta ce ya huta hakanan, ai sun girma.

"Huta? Idona lafiyarsa ƙalau! Rana aka sace mini, kina ce mini in kwanta?"

Ya aro tsani da almakashin yanka kwano, ya hau rufin shagon da kansa don ya huda wa rana hanya. Yana cikin yanka, mai gadi ya ɗago murya daga ɗakinsa na saman katanga.

"Baba, sauko! Daga nan kana hango ciki!"

"Me zan gani a cikin kurkukunku? Sama ma ta jakada ce? Ka gaya masa ya zo ya yi mata katanga!"

Ya toshe hudar da farin kwano mai shigo da haske. Da damina tana yoyo, bokiti ba ya rabuwa da gefen keken. Hasken kuma ba ya zuwa sai rana ta take tsaka, don haka rabin aikin da yake yi a da ya tafi.

Yanzu da safe za ka same shi zaune a duhu, ya juya wa katangar baya, zare da yadi a cinya, yana jiran rana. Tagar tana nan a buɗe, tana kallon siminti. Duk wanda ya ce ya toshe ta, sai ya ji abin da bai zo nema ba.