Warin Fulogi

Shekara guda ke nan da rasuwar Kawu, jiya kuma iska ta kayar da darbejiya a kan ɗakin Inna a Zugu. Rufin ya ɓarke, hadari na sake haɗuwa. Tun safe nake jan igiyar injinsa na yanka itace, ya ƙi tashi.

Kawu yakan tara tsofaffin injunan da masu katako suka yar, ya tashe su. Ni kuwa sai in rubuta duk abin da ya yi. Wata rana ya kwance fulogin wani inji da ya ƙi tashi ya miƙo mini.

"Aje littahin nan, ɗan boko. Sansana. Mi ka ji?"

Kunya ta hana ni. Na rubuta tambayar, ban sansana ba.

Yanzu fulogin injinsa na hannuna, a jiƙe, yana warin fetur da toka. Na ji warin, Kawu, amma ban san me yake nufi ba, shafin kuma babu amsa. Inna ta fara kwashe shimfiɗarta.

Allah ya haskaka kabarinka, ya riƙe ruwan nan har in gane.