Hannun Direban da Ke Cizo

Kafin in san fuskar maigidana sosai, hannunsa na fara sani, domin kuwa cizona ya yi.

A Katagum ne, shekarun da ake ta cewa Turawa za su tafi amma ba su tafi ba tukuna. Gidanmu yana bakin hanyar kasuwa, da wata tsamiya a ƙofa. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, Bafulatani ne da ya gaji da yawo ya zauna. Shanunsa suna wajen ƙannensa a daji, shi kuwa yana dillancin fata. Duk ranar kasuwa wani Alhaji daga Azare yakan zo sayen fatu wajensa, cikin wata koriyar mota mai buɗaɗɗen baya. Direbansa saurayi ne dogo, ɗan gayu na ƙin ƙarawa: rigar sanyi ta ulu, da farin takalmi mai ƙasan roba wanda ko ƙuda bai yarda ya sauka a kai ba. Kujerarsa ma bargo yake shimfiɗa mata.

Wata rana cikin sanyi, irin sanyin da ke tsaga leɓe, Inna ta aike ni in kai wa baƙi ruwa. Direban yana zamowa daga kujera na miƙa masa kwanon sha. Yatsunmu ba su ma gama haɗuwa ba na ji tas! Wani abu ya cije ni kamar cinnaka. Na saki kwano, ruwan ya ƙare a kan farin takalmin.

"Ke ma kin ji?" in ji shi, yana yarfe hannu. "Wallahi ba ni ba ne, motar ce."

Na ce, "Motar ce ta miƙo hannu?"

Daga ranar, ƙishirwa ba ta sake barin bawan Allahn nan ba. Da ya tsayar da mota sai ya nemi ruwa, ni kuwa sai in ajiye kwanon a ƙasa in ja da baya, muna dariya. Ba zan ɓoye ba, na so shi, kuma tun da wuri.

Sai tsautsayi ya faɗa kan Baffa. Ran nan yana tsaye daidai ƙofar mota, direba na saukowa sai Baffa ya miƙa masa hannu kamar yadda yake yi wa kowane baƙo. Ina daga zaure na jiyo ƙarar. Baffa dai ba ya nuna wa kowa ya ji zafi. Ya dubi tafin hannunsa kawai, ya shiga gida ya wanke shi.

Da manyan direban suka zo daga Azare neman aurena, Baffa ya saurare su har suka gama.

"Yaron bai yi mini laifin komai ba," in ji shi. "Amma hannunsa da abu. Na riƙe ƙahon bijimi, na riƙe jelarsa, ban taɓa jin hannun ɗan Adam ya yi cizo ba sai nasa. Ban san abin da aka ba shi ya sha ba. Yana cikin fara'a ke nan jikinsa ke tartsatsi. Ranar da ya yi fushi da yarinyar nan fa?"

Suka koma da goronsu. Na yi kuka har na gode Allah, amma ko a lokacin na kasa jin haushin Baffa. Tsoro yake ji mini, ba wani abu ba.

Direba ya shiga neman magani. Ya sha rubutu, ya cire zoben azurfarsa, har Alhaji ya roƙa ya sa baki. Alhaji kuwa, garin gyara, ya ce ai shi ma ƙofar takan cije shi in ana sanyi. Baffa ya ce, "To, ashe motar ma da abu." Magana ta ƙara lalacewa.

Inna ce ta cece mu. Ta bari sai da Baffa ya ci ya ƙoshi, sannan ta ce, "Malam, ka sake taɓa hannun mana. In ya yi cizo, ni da kaina zan ba ta haƙuri." Sai ya ce a gaya wa yaron ya zo.

Ranar, Baffa ya shimfiɗa tabarma gindin tsamiya, ni kuwa na laɓe bayan zana ina leƙe. Sanyin bai ragu ba. Mota ta tsaya dab da tabarmar. Da can a matsayin direba yake zuwa, ya diro da takalminsa ya kama aiki. Yau kuwa wajen suruki ya zo, ba dama ya tunkare shi da takalmi. Tun yana cikin mota ya kwance igiyar ya tuɓe su, ya sauko da ƙafa tsirara a kan ƙasa mai sanyi, ya zo ya durƙusa.

Baffa ya miƙa hannu. Na runtse ido ina jiran ƙarar.

Ban ji komai ba. Da na buɗe ido, Baffa yana riƙe da hannun, yana juya shi yana latsawa yadda yake duba fata. Ya dubi ƙafafun, ya ɗaga kai ya dubi takalmin da ke cikin mota.

"Ashe a takalmin yake," in ji shi. "Na ba ka. Amma wannan abin kada ya sake taka ƙofar gidana."

Bai sake takawa ba. Amma da aka kai ni Azare, takalmin yana nan, an goge shi fes. In sanyi ya shigo, maigida yakan tsayar da mota a ƙofar gida, ya mutsutsuka a kan bargon da gangan, ya danna ham. In na fito zaure karɓar kaya sai ya miƙo yatsa. Tas! In yi ta faɗa ina cewa girma dai ya ƙi zuwa, shi kuwa yana dariya har da riƙe ciki. Da damina abin ba ya yi, sai ya ɓata rai ya ce in jira sanyi.

Ya daɗe da rasuwa yanzu. Jikana da ke koyarwa a makaranta ne ya yi mini bayanin abin: wai lantarki ne ke taruwa a jiki daga gogar tufa da kujera, roba ta tsare shi, ƙafa tsirara kuwa ta zubar da shi a ƙasa. Ashe Baffa bai yi kuskure sosai ba.

Duk sanda yaron nan ya ɗauke ni a motarsa cikin sanyi sai ya ce, "Hajiya, ki riƙe ƙarfen ƙofa kafin ki sa ƙafa ƙasa, ba za ki ji komai ba."

Nakan ce to. Sannan in mutsutsuka a kan kujerar, in sauko da takalmina, in miƙa yatsa ga ƙofar. Shi yana zaton mantuwar tsufa ce.