Ƙwayar da Aka Kawo wa Karen Baba

Shekarar da na bar aikin koyarwa a Sakkwato na dawo Illela don in kula da Baba, na tarar gidan ya rage daga shi sai raguna sai kare. Inna ta rasu, ƙannena maza suna kudu wajen nema, autarmu kuma ba ta daɗe da aure ba, tana can cikin gari. Gidanmu a bakin gari yake, ta hanyar Kalmalo, inda gidaje ke fara nisa da juna. Ciwon gwiwa ya raba Baba da noman albasa, sai ya koma kiwon raguna a bayan gida, yana turke su har zuwa babbar salla.

Karen tsoho ne, ja, mai tsagaggen kunne. Ba ya shiga tsakar gida, ba ya kusantar buta ko tabarmar salla. Wurinsa ƙarƙashin rumfar harawa ne, kusa da turakun raguna. A shekarun nan da sata ta yi yawa, har ana kwance wa mutane dabbobi da rana tsaka, mu ko ɗan akuya ba a taɓa ɗaukar mana ba, kuma kowa a unguwar ya san albarkacin wa muke ci.

Da damina ta fara leƙowa, sai na ga abin da tsufa ya yi masa. Karen da ba ya tsoron mutum ya koma tsoron tsawa. Tun hadari na haɗowa daga gabas zai fara haki, yawu na zuba, jikinsa na ɓari. Da an yi cida sai ya hau tonon gindin danga yana wani irin kuka mai tsawo, ko ya kutsa tsakanin raguna ya firgita su, su yi ta fizgar igiya. Wata rana wajen gudu ya yanke ƙafa a jikin tsohon kwanon rufi. Ga kuma gashin gefen cikinsa yana zubewa ta kowane ɓangare, ko da yake ban ga yana susa ba. Baba kan dogara sanda ya fita cikin ruwa ya tsaya kusa da shi, in yi ta magana, ba ya ji.

Ana cikin haka mijin autarmu ya zo. Da can ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, daga baya ya koma ɗaukar kaya tsakanin Illela da Ƙonni ta ƙasar Nijar, ba wanda zai iya gaya maka takamaiman irin kayan. Yana da ladabi, yana da daɗin baki, ba ya zuwa hannu sake. Abin da ya hana ni sakin jiki da shi tun farko shi ne idonsa. Yana durƙushe yana gaisuwa, amma idon na yawo, daga ƙofar ɗaki zuwa danga, daga danga zuwa rumfa.

Bayan la'asar ne, Baba na kishingiɗe a zaure, ni kuma na kawo ruwa. Da suka gama gaisawa sai ya zaro wata 'yar farar roba daga aljihu, ya ajiye a gefen tabarma da hannu biyu.

"Baba, na ji karen ga bai barin ku hutawa in hadari ya taso. Ga wani magani na samo Ƙonni. Mai kantin ya ce shi Turawa ka ba karnukansu."

Baba ya ɗauka ya jujjuya. "Mi shi ka yi mai?"

"Hankali shi ka kwantar mai, Baba. Shi samu barci."

Ina jin kalmar barci na tsargu. Salla ta matso, ragunan Baba sun yi ƙiba har ba sa iya gudu, ga wani ya taso tun daga ƙetaren iyaka da abin da zai sa mai gadinsu barci. Na dubi Baba, ban ga komai a fuskarsa ba. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya jefa robar a aljihu.

Ƙarar babur na yin nisa na ce, "Baba, ba dai ba shi za ka yi ba?"

"Kyauta ba a maida ta," in ji shi. "Amma ba a ce duk abin da anka ba ka sai ka haɗiye ba. Karɓi, ke kin yi boko, duba muna."

Rubutun Faransanci ne, abin da na iya tsinta a ciki kalma ɗaya ce, melatonin. Na buɗe, sai na ga takardar da ake liƙe bakin roba da ita an riga an ɓare ta. Ƙwayoyin ƙanana ne farare, ba wari, ba ƙamshi. Ina wanke-wanke abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Zuwansa na baya ya tambayi Baba ko ragunan duka nasa ne. Akwai ranar da ya ce zai kewaya, ya daɗe a bayan danga fiye da yadda ya kamata. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Washegari na ba maƙwabciyarmu labari ta kan katanga, ban dai faɗi wanda ya kawo ba. Ta dafe ƙirji ta ce haka aka yi wa wani ɗan'uwan mijinta a Amarawa, an jefa wa karensa nama mai magani, kafin ya farka an kaɗa tumakin. Ta ce in zuba a masai. Na kusa zubawa, sai na tuna in na zubar ba zan taɓa sanin ko mene ne ba.

Ranar kasuwa na ɗaure robar a bakin mayafi na nufi kara, inda likitan dabbobi ke zama yana duba shanun da ake shigowa da su. Mutum ne mai furfura, ba ya gaggawar magana. Na jira ya gama da wani Bafulatani da ɗan maraƙinsa, sannan na miƙa masa. Da ya ji na kare ne sai ya ɗaga kai ya dube ni, don ba kasafai ake kawo masa zancen kare ba.

Ya ce abin da aka rubuta ba guba ba ne. Melatonin wani abu ne da jikin mutum da na dabba ke yi da kansa idan duhu ya shiga, shi ke sanar da jiki lokacin hutu ya yi. Ana ba kare mai tsoron tsawa ko ƙarar harbi don hankalinsa ya ɗan kwanta, ana ba tsohon kare da dare da rana suka rikice masa. Akwai kuma wani irin zubewar gashi da wani lokaci yake taimaka wa, amma ba ya maganin ƙazuwa. Ya ce ana auna shi ne da girman kare, kuma akwai wanda ake yi wa mutane mai kama da alewa, da ake sa masa wani zaƙi da ba sukari ba, wannan zaƙin yana iya kashe kare.

Na ce, "Likita, tambayata guda ce. In an ba kare wannan, ɓarawo zai iya shiga ya fita bai yi haushi ba?"

Ya yi murmushi. "Malama, ɓarawon da ya dogara da wannan ya shiga uku. Yana iya sa shi kasala, amma ba ya kurumtar da shi." Sai ya sake duba bakin robar, murmushin ya ragu. "Sai dai an buɗe ta. Abin da aka rubuta a waje na gaya miki. Abin da ke ciki, ba zan rantse miki a kansa ba."

Ya ce in ajiye wannan, in nemi wadda ba a buɗe ba a babban kantin magani, in kawo masa ya karanta kafin in ba da. Ya kuma ce sai ya ga karen da idonsa. Na sayo na kai masa ya karanta, da yamma kuwa ya zo a kan babur, ya wanke yankan ƙafar, ya duba fatar cikin ya ce ba ƙazuwa ba ce, ya tambaya ko karen na shan wani magani, sannan ya nuna mini yawan da zan riƙa bayarwa. Ya ce a ba shi tun hadari na nesa, in an jira tsawa ta fara an makara. Robar mijin auta kuwa na jefa ta cikin tsohuwar kwallar Inna na rufe.

Karon farko mun makara ɗin, bai yi wani amfani ba, har Baba ya ce an dai sa mu wahala. Karo na biyu ina ganin gabas ta yi baƙi na cusa ƙwayar cikin lomar tuwo, na shafa mata garin busasshen kifin Kalmalo, na jefa masa. Da iska ta taso ya yi haki, ya zagaya rumfa, sannan ya kwanta ya ɗora haɓa kan ƙafafunsa. Duk cidar da aka yi sai jikinsa ya motsa, amma bai tashi ba, bai yi kukan nan ba. Ni da Baba muna tsaye a ƙofar baya muna kallo, raguna na tuƙarsu.

Ruwan na ɗaukewa wani dillali da bai taɓa zuwa gidan ba ya biyo ta bayan danga yana leƙen raguna. Karen ya miƙe da haushin da ya sa mutumin ja da baya har ya zame a taɓo. Baba ya yi dariyar da rabon da in ji irinta tun Inna na da rai. Bayan 'yan makonni wani siririn gashi ya fara fitowa a gefe ɗaya. Ɗaya gefen bai taɓa cikewa ba.

Juma'a ta zagayo, mijin auta ya zo gaisuwa, ya ji labarin kare ya samu sauƙi. Fuskarsa ta washe. "Ai na ce muku, Baba!" Ba wanda ya gaya masa ba nasa muka bayar ba. Suka taɓa hira, sai ya gyara zama, ya rage murya. Ina bayan ƙyauren zaure ina tsince shinkafa, na daina motsa hannu.

"Baba, wata alfarma nika nema. Hanya ta yi tsauri kwanan ga. Ina da 'yan jarkokin mai, da za ka bari in aje su bayan rumfa kwana kaɗan. Nan bakin gari ne, ga shi yanzu gidan shiru."

Baba ya ce, "Harawa da man hetur ba su zama wuri guda. Kuma gidan ga ba a taɓa aje abin da aka ɓoyewa ba. Allah shi buɗa maka wata hanya." Mijin auta ya ce amin, ya ba da haƙuri, ya tafi. Ni kuwa "ga shi yanzu gidan shiru" ta tsaya mini a rai. Ashe ba raguna ba ne, na ce, shirun yake so.

Kwana kaɗan bayan haka auta ta zo wuni. Ta buɗe kwallar Inna tana neman wani zane, ta ci karo da robar cike. Ta fito da ita a hannu, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, mi ya sa ba ku ba shi ba?"

Na ce an buɗe ta, likita ya ce kada a yi amfani da ita.

"Shi ya buɗe! Gabana ya sha guda, ya ce bai kai ma Baba abin da bai gwada ba. Ni na ce mai Baba na hita cikin ruwa sabili da kare, ina tsoron ƙahwa tai. Ya yi ta tambaya Ƙonni har anka nuna mai wanga. Ke dai tun farko ba ki son shi."

Na ce, "To jarkokin fa?"

Ta ce wannan daban, wancan daban, mutum ba zai yi alheri ba sai an ce akwai wata a ƙasa? Na ce ni dai na ga sun zo a jere. Ta ƙulle robar a gefen zane, ko abincin da na zuba mata ba ta gama ba ta tafi. Ba mu sake magana mai tsawo ba sai ranar salla, da ta aiko da nama na mayar mata da nawa.

Bayan an sayar da ragunan, gida ya yi fili, na zauna kusa da Baba yana gyaran igiyoyin turke. Na tambaye shi, shi me ya gani a cikin lamarin.

Ya ce, "Na ga kare ya samu sauƙi, kuma da yaron ga bai kawo robar nan ba, da ba mu san akwai maganin ba. Na ga mai bai shigo gidana ba. Sauran yana cikin zuciya tai, ni ban shiga can."

Ban gamsu ba, na kuma gaya masa ban gamsu ba. Ya ce wannan ruwana ne, ya miƙo mini bakin igiya in riƙe masa ya ƙulla.