Gwaggo Tafireta da Fayil ɗin Kwandon Shara

Duk layinmu babu mai kiran ƙanwar mahaifina da sunanta. Gwaggo Tafireta ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a ofishin ajiyar fayiloli, a wani ɗakin ƙasa mai taga ɗaya, ita da wasu mata biyar. Da aka kwashe tafiretoci aka kawo kwamfutoci, biyar ɗin suka ce su kam sun wuce koyon sabon abu. Gwaggo ta ce ba ta ga abin tayar da hankali ba, haruffan nan suna nan inda ta san su, an dai daina shafa wa mutum baƙin kabon a riga. Wata uku ta yi tana cin abincin rana a gaban injin, ta ɓata ta gyara, ta ɓata ta gyara, har ya zamana idan takarda ta ɓace wa manyan da ke sama, ƙasa ake aikowa a kira ta.

Da ta yi ritaya sai aikin ya biyo ta gida. Teburin tsohon keken ɗinkinta ta ja bakin taga, ta ɗora kwamfuta a kai, ga gwangwanin alewa cike da ƙananan sukundirebobi, ga wayoyi kowace a naɗe da takarda mai sunanta. Tela ya zo awon mutane ya ɓace masa. Malamar makaranta ta zo ta manta kalmar sirrinta ana gobe jarrabawa. Kowa da hankalinsa a tashe yake shigowa, kuma kowa abu ɗaya yake fara ji:

"Ɗauke hannunka tukuna."

Sai tambayoyi su biyo baya. Wa ya zauna a kai na ƙarshe? Me ka danna? A'a, kafin wannan, me ka danna? Takan ce yawancin abin da ake kawo mata bai ɓata ba, mai shi ne ya ajiye a wani ɗaki ya koma yana nema a wani. Kuma tana da wata ɗabi'a da ta sa mutane suka amince da ita fiye da masu shaguna: ba ta karanta abin mutane. Suna take dubawa, da kwanan wata, da girman fayil. Da zarar ta buɗe sai ta juya fuskarta wajen taga ta ce, "Duba ka gani, shi ne?" Ta ce shekarun da ta yi tana buga takardun korar mutane da na ƙarin girmansu, tana haɗuwa da su a bakin ƙofa suna gaishe ta, sun koya mata yadda ake barin takarda ta wuce ta yatsu ba tare da ta tsaya a baki ba.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Allah ya ɗora mini ciwon gyare-gyare. Ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Bayan rasuwar Mama na koma gida wajen Baba, na kuwa sa gidan a gaba da shara da jera kaya, har Yayata ta ce wata rana shi kansa Baban zan ninke in sa a akwati.

Baba mai raba wasiƙu ne da can. Ya san kowace ƙofa da sunan mai ita, da sunan wanda ya sayar masa da gidan. To mutumin nan ne ya fara mantuwa. Na ga alamu, ba zan ce ban gani ba. Ya kira ni da sunan Yayata sau biyu, ya bar butar shayi a wuta har ta ƙone. Na ce baƙin cikin rashin Mama ne, na ci gaba da sharata.

Ga abin da ban sani ba sai daga baya. Shi Baba ya riga kowa gane abin da ke samunsa, kuma kunya ta hana shi faɗa. Ya je wajen Gwaggo ya ce ta koya masa yadda ake liƙa hoto a takarda a yi rubutu a ƙarƙashinsa. Ta koya masa, ba ta tambayi dalili ba. Wata bakwai ya yi yana haɗa fayil guda: hoton kowannenmu, sunansa, ko shi wane ne a wajensa, da abin da ya kamata ya tuna game da shi. Kullum da safe, kafin in fito, yakan karanta shi kamar ɗan makaranta, sannan ya fito falo ya gaisa da kowa da sunansa. Da wannan fayil ɗin yake riƙe da mu, da shi kuma yake riƙe da mutuncinsa. Kwamfutar kuwa ta kowa ce, jikoki ma suna hawa idan sun zo. Sai ya nemi wurin da ba wanda zai leƙa, ya zaɓi kwandon sharar kwamfutar, inda fayilolin da aka goge suke taruwa. Ya jawo fayil ɗin waje da safe, ya karanta, ya mayar.

Wata Asabar da hantsi na zauna na ce yau kwamfutar nan za ta ga gyara. Na buɗe wa Baba akawun, wato ɓangaren shiga nasa shi kaɗai, na buɗe nawa, na buɗe na jikoki. Na koma tsohon akawun ɗin na share tarkace, na ga kwandon shara a cike, na zubar. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Daga nan na zuba bidiyoyin kwas ɗin wajen aikina, manya-manya guda goma sha biyu, na tashi ina jin kaina kamar na yi abin kirki.

Washegari Baba bai fito falo ba. Na same shi a gaban kwamfuta, fuskarta fayau babu komai sai hoton tsauni, hannunsa a kan linzamin kwamfutar.

"Baba, lafiya? Sabon wuri na yi maka. Ba ka ga ya fi kyau ba?"

"Ina kayana?"

"Wanne daga ciki?"

Ya dube ni. Can ya ce, "Ke, kira mini ƙanwata." Ke ɗin nan ta tsaya mini a rai, don bai taɓa kirana haka ba.

Gwaggo ta iso da jakarta, ko zama ba ta yi ba ta ce da ni, "Ɗauke hannunki." Ta ji bayanina, ta gyaɗa kai, ta ce wannan mai sauƙi ne, sabon akawun sabon ɗaki ne, kayan suna tsohon. Ta shiga, ta fito masa da hotunan Mama, da takardun fanshonsa, da wasiƙun da yake rubuta wa abokinsa. Kowanne ta buɗe sai ta juya taga. Kowanne sai ya ce ba shi ba ne.

"To Yaya, mene ne sunan abin?"

Ya kalle ni ta gefen ido.

"Auta, je ki dafa mana shayi," in ji Gwaggo. "Kada ki yi sauri."

Da na dawo, fuskar da na tarar ba wadda na bari ba ce. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Kin zubar da shara jiya?"

"Eh mana, ai cike take."

"Bayan kin zubar, kin zuba wani abu?"

Na faɗa mata bidiyoyin. Ta ce guda nawa, na ce sha biyu. Ta miƙa hannu ta zare wayar daga bango. Ni kuwa da na sha jinin jikina sai na hau borin kunya, na ce wane irin mutum ne yake ajiye abu mai amfani a kwandon shara, ai ko a ina shara sunanta shara. Baba ya sunkuyar da kai. Har yau idan na tuna maganar nan sai na ji kamar in nutse.

"Kin gama?" in ji Gwaggo. "To miƙo mini ƙaramin sukundireba."

Tana kwance faifan ajiyar kwamfutar tana yi mini bayani, ba don na cancanta ba, don haka take yi wa kowa. Ta ce idan an zubar da kwando ba a ƙona takardar ba, lambarta kawai aka goge daga rajista, aka ce kantar babu komai. Tana nan har sai an ɗora wani abu a kanta. Ta ce an yi sa'a faifan irin na da ne. Abin da ba a sani ba shi ne inda bidiyoyina suka sauka.

Kwana biyu faifan ya yi a kan teburin keken ɗinki, a jone da kwamfutarta, manhajar tono abin da aka goge tana bin sa lungu-lungu. A kwana biyun nan Baba bai bar ɗakinsa ba. Maƙwabcinmu ya zo gaisuwa, ya ce a ce yana barci. Mijin Yayata ya kawo yara, ya ƙi fitowa. Abinci a bakin ƙofa nake ajiyewa, in dawo in ɗauke shi yadda na kai.

Fayil dubu huɗu da wani abu manhajar ta tono, kuma ko ɗaya bai dawo da sunansa ba, sai lambobi. Gwaggo ta tace na rubutu, ta tace masu nauyin hotuna a ciki, ta tace da kwanan wata, aka bar ta da sittin da uku. Babu mai shi a kusa da za ta ce ya duba, shi kuma ba ya cikin halin da zai iya. A nan ta karya dokarta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, a na arba'in da ɗaya ta ci karo da hotonta ita kanta, da rubutun yayanta a ƙasa. Sai bayan shekara guda, lokacin da ciwon ya fi ƙarfin ɓoyo, ta ba ni wannan labarin. Na yi juyin duniya ta faɗa mini abin da ya rubuta a kanta, ta ce ba nawa ba ne. Ta dai ce ta tashi ta wanke fuska sau biyu kafin ta iya ci gaba.

Shafi goma sha tara ne. Goma sha takwas suka dawo lafiya. Na ƙarshe, tunda da babba ya fara ya gangaro, bidiyona ya hau kansa ya murƙushe, ba hoto ba rubutu. Shafina ne.

Ranar Laraba da la'asar ta zo da faifan da kuma takardu a cikin ambulan, don ta buga masa su a firinta. A tsakar gida ta tare ni.

"Turo mini hotonki mai kyau. Ba wanda kike harara ba."

"Na mene ne, Gwaggo?"

"Na ce ki turo."

Na tura. Ta shiga ɗakin Baba ta turo ƙofa, ba ta rufu duka ba. Ni kuma ba zan yi ƙarya ba, na ɗauki tsintsiya na tsaya sharar wurin da na riga na share. Na ji ƙarar takardu, na ji Baba yana karanto sunayen 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya, muryarsa tana dawowa. A tsaye a wurin na gane abin da na zubar.

Gwaggo ta san ni tun ranar da aka haife ni. Da ta ga dama, minti biyu ya ishe ta ta cike shafin da kanta, ba wanda zai sani. Sai na ji ta ja kujera.

"Yaya, saura ɗaya. Ga hoton na sa. Kai za ka faɗa, ni bugawa ce tawa."

Sai Baba ya fara, a hankali, madannan kwamfuta suna bin sa.

"Wannan autarka ce. Ita take zaune da kai. Tana da faɗa, kuma idan ta ɗaga murya tsoro take ji, kada ka riƙe ta. Ba ta cin abinci sai ta ga ka ci, saboda haka ka ci. Ta bar gidanta ta dawo saboda kai. Kada ka bari ta gane ka manta ta."

Madannan suka tsaya.

"Sai suna a sama," in ji Gwaggo.

Na ji kujerarsa ta motsa.

"Auta," ya ce.

"Wannan na sa. Na ainihi nake jira."

"Faɗa mini mana. Kin san shi."

"Na san shi. Kai ka sa mata, Yaya. Ba sauri muke ba."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san tsintsiyar tana hannuna, hawaye yana sauka a kan rigata, ina ji kamar in banka ƙofar in faɗa masa da kaina a huta. Gwaggo ba ta yi tari ba, ba ta ba shi harafin farko ba. Zama kawai ta yi da yatsunta a kan madannai.

Can sai ya faɗe shi. Daidai ya faɗe shi, har da yadda yake jan ƙarshensa idan yana kirana daga bakin ƙofa ina ƙarama.

Gwaggo ta buga, ta karanta masa ya ji, ta ajiye shi a wuri uku.