Waƙar da Bibi Ke Buɗe wa Baki

Sabuwa maƙwabciyata ce a unguwar Faisal, 'yar Damagaram. Miji ya kawo ta Alƙahira, ya rasu ya bar ta, ita kuma ta ƙi komawa. Wajen 1979 ta samu aiki a unguwar Ma'adi, gidan wasu 'yan Punjab, tana jinyar tsohuwarsu Bibi, wadda tsufa ya ruɗe har ba ta gane 'ya'yanta.

Wallahi Bibi ba ta cin abinci sai da waƙa. Wata waƙar ƙauyensu ce mai tafiya a hankali, ƙarshen kowane baiti murya ta sauko ƙasa kamar mai sauke tulu. A daidai saukowar nan take buɗe baki, Sabuwa ta zura cokali. Tun tsohuwar na iya rerawa Sabuwa ta haddace, ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Da muryar Bibi ta tafi, waƙar ta rage a bakin Sabuwa kaɗai.

Sai ga wani jikan Bibi ya zo hutu daga Bombay, mai haɗa kiɗan fim. Ya ajiye rikoda a gaban Sabuwa, ita kuwa baiwar Allah ta rera masa waƙar, har da gyara murya.

Shekara ta zagayo ya aiko da kaset. Kai jama'a! Ya zuba wa waƙar ganguna da goge, ya ƙara mata gudu, saukowar nan kuwa ya cilla ta sama don 'yan rawa su yi tsalle. Yaran gidan suka liƙe mata safe da yamma. Sabuwa tana wanki tana ji, tana shara tana ji, wata da watanni.

Ran nan ta ɗauki cokali, ta kai ƙarshen baiti, muryarta ta haura sama. Ta koma farko, ta sake haurawa. Bibi ta datse baki, ta juya ga bango.

"Ma'alish, yi haƙuri Bibi, bari in sake," Sabuwa ke faɗa tana kuka.

Ta roƙi maigidan a nemo mata kaset ɗin da aka ɗauki muryarta ta farko. Aka buga waya Bombay, jikan ya ce ai tuni ya ɗauki wani abu a kan kaset ɗin. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, amma har yau haushinsa nake ji.

Da robar hanci aka ciyar da Bibi a asibiti har ta cika. Sabuwa ba ta ƙara karɓar aikin jinya ba, ƙosai ta koma soya wa 'yan makaranta. Sau da yawa nakan same ta a gaban kasko tana rerawa ƙasa-ƙasa. In ta kai wurin saukowar sai ta yi shiru, ta koma farko.