Ranar da Fiorenzo Ya Kira Mahaifiyarsa Sinyora

Tun asuba ake tsuga ruwa a birnin Firenze na ƙasar Italiya ranar, irin ruwan nan mai sanyi da ke mai da kogin Arno jawur. Fiorenzo Becattini yana tsaye a kantin gidan Sarchielli, masu sana'ar kayan fata, cikin baƙar kwat, yana nuna wa wata baƙuwa daga Amurka jakar da ta ɗaukaka sunan gidan, wadda ake kira Ortensia.

Labarin jakar ya zauna masa a baki. Wai wata gimbiya mai wannan suna ce ta zana ta da hannunta, ta kawo wa tsoho Sarchielli ya ɗinka mata. Haka maigida ya ce a riƙa faɗa, haka kuwa Fiorenzo yake faɗa, har da ƙarin gishiri.

Alhali ya san asalinta sarai. Da sirdi da linzami gidan ya fara. Da motoci suka kori dawaki aiki ya ja baya. A lokacin ne Ersilia, mahaifiyar Fiorenzo, mai ɗinki a ɗakin dukawa na baya, ta ɗauki jakar nan da ake rataya wa doki a baki ya ci hatsi, ta sa mata murfi da maratayi, take zuwa aiki da burodinta a ciki. Tsohon ya gani, ya sa aka yi irinta da fatar maraƙi. Zagayayyen gindin nan da masu hali ke yabawa, don bakin doki aka yi shi.

Ita ce kuma ta roƙa aka ɗauki ɗanta aiki a gaba, wajen masu saye, don kada basilla ta cinye masa yatsu kamar nata. Sai dai gidan yana da doka: ƙofar gaba ta masu saye ce, ma'aikata ta lungu suke shiga.

To, ranar nan ruwa ya cika lungun har gwiwa. Sai ga Ersilia ta turo ƙofar gaba, a jiƙe sharkaf, tsohuwar jakar a kafaɗa, kan burodi ya leƙo.

Baƙuwar ta dubi wannan jaka, ta dubi ta hannun Fiorenzo. "Kamarsu ɗaya fa. Wace ce wannan?"

Fiorenzo ya juya wajen mahaifiyarsa ya ce, "Sinyora, kin yi ɓatan kai. Ƙofarku tana baya."

Sinyora. Haka yake kiran matan da bai sani ba.

Ersilia ta tsaya tana kallonsa, ruwa yana ɗiga daga gashinta. "A yi haƙuri, Sinyor," in ji ta. Ta koma cikin ruwan, ta bi lungu.

Da rana Gualtiero mai yankan fata ya tare shi a bakin matakala. "A'a, ɗan gimbiya da kansa. An ce yau ka yi baƙuwa. Ka tambayi sunanta kuwa, ko in gaya maka?"

"Gualtiero, ka ƙyale ni."

"Na ƙyale ka. Ga ta can tana matse siket, in kana neman ta."

Bai je ba. Da yamma ta zuba masa miyar wake da burodi kamar kullum.

"Mamma..."

"Ci, Renzo, tana hucewa. Matar ta saya dai?"

"Ta saya."

"To madalla."

Ba ta sake tada maganar ba har ta bar duniya, shi ma bakinsa ya yi nauyi. Ya ci gaba da ba da labarin gimbiya shekara da shekaru, sai dai ya daina ƙarin gishiri, kuma idonsa a ƙasa yake faɗa.

Bayan ya ajiye aiki, jikan Sarchielli, wanda gidan ya koma hannunsa, ya zo masa har gida. Za su buɗe ɗakin tarihi, suna son tsohuwar jakar a sa ta cikin gilashi.

"Me za a rubuta a ƙasanta?" in ji Fiorenzo.

"Sunan gimbiya mana. Kai da ka fi kowa iya labarin."

Fiorenzo ya daɗe yana shafa bakin tebur. "Jakar hatsin doki ce. Mahaifiyata ce ta gyara ta, sunanta Ersilia. In haka za a rubuta, ga ta nan, ɗauka."

Jikan ya yi murmushi, ya ce zai yi shawara. Bai dawo ba.

Fiorenzo yana nan a garin Scandicci, kusa da Firenze, wajen ƙanwarsa, idonsa ya yi rauni. Tsohuwar jakar tana rataye bayan ƙofar kicin, a cikinta ake ajiye burodi.